Jinkirin fara shan taba bai ceci baƙaƙen fatar Amurka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka sam mana fili a wannan jarida mai farin jini domin mu warware wata magana da ke yawan fitowa a rahotannin lafiya daga Amurka, wadda sau da yawa ake ɗaukar rabinta a bar rabi. Maganar ita ce yaran baƙaƙen fata na ƙasar ba sa fara shan taba sigari da wuri kamar yaran fararen fata. Haka ne, kuma an daɗe ana ganin hakan a alƙaluma. Sai dai wanda ya tsaya a nan zai zaci baƙaƙen fata sun tsallake rijiya, alhali hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da kanta ta ce sun fi fararen fata mutuwa da cututtukan da taba ke jawowa. Kimanin mutum 45,000 daga cikinsu take kashewa duk shekara. Suna farawa a makare, karare kaɗan suke sha a rana, amma ɓarnar ta fi yawa a kansu. Mu da aikinmu ya shafi lafiyar al'umma muna ganin ya kamata masu karatu su san yadda hakan ke faruwa, musamman masu 'ya'ya da ƙanne a can.

Tun 1975 Jami'ar Mishigan take bin makarantun sakandare kowace shekara tana tambayar 'yan ajin ƙarshe ko sun sha taba cikin kwana 30 da suka wuce. A wajajen 1977 amsar kusan ɗaya ce: kimanin kashi 37 cikin 100 na ɗalibai baƙaƙe, kashi 38 na farare. Kafin 1992 ta ƙare, na baƙaƙen ya faɗo ƙasa da kashi 10, na fararen kuwa yana nan sama da kashi 30. Shekara 15 ke nan kacal. Duk mai cewa bambancin a jini yake, ko kuma halitta ce, sai ya fara yi wa wannan bayani, domin jinin al'umma ba ya sauyawa cikin shekara 15. Abin da zai iya sauyawa a ɗan wannan lokaci shi ne tarbiyyar gida da kuɗin da ke aljihun yaro da abin da ake ɗauka burgewa a unguwa.

Sauran jinsunan ma haka labarin yake nunawa. Waɗanda suka fi kowa farawa da ƙuruciya, suka kuma fi kowa sha, su ne 'yan asalin ƙasar na farko, wato Indiyawan Amurka da mutanen Alaska. A wajen ƙabilu da dama cikinsu ganyen taba yana da matsayi a ibada da bukukuwan gargajiya, don haka mai wayar da kai da bai raba tabar al'ada da tabar kamfani ba, ba wanda zai saurare shi. Ga shi kuma taba ta fi araha a yankunansu, saboda sau da yawa harajin jiha ba ya hawa kanta a can. 'Yan asalin Asiya su ne a ƙasa idan aka yi musu kuɗin goro, amma da an rarraba su sai a ga mazan da suka fito daga Koriya da Biyetnam suna sha sosai. A cikin masu jin Sifaniyanci, 'yan Puerto Rico sun fi 'yan asalin Meziko sha, kuma 'yan mata suna ƙara sha gwargwadon daɗewar gidansu a Amurka. Shi kansa rukunin da ake kira baƙar fata ya haɗa jikokin bayi da mutumin Jamaika da na Habasha da Bahaushen da ya zo daga Kumasi ko Kano ya zauna a unguwar Bronx. Waɗanda aka haifa a Afirka ba sa shan taba kamar baƙaƙen da aka haifa a Amurka, ko kusa. Fata ɗaya ce, tasowa ce daban.

Da masu bincike suka zauna da yara da iyayensu, dalilan jinkirin da suka yi ta fitowa ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Yaran baƙaƙe sun fi faɗin cewa iyayensu sun kafa doka ƙarara a kan taba, kuma hukunci zai biyo baya, ko da su iyayen suna sha. Sun fi kusanci da wurin ibada. Kuɗin kashewa a hannunsu bai kai na takwarorinsu ba, saboda haka ƙarin farashi ya fi saurin hana su. Tasirin aboki mai sha ya fi ƙarfi a kan yaran farare, kuma 'yan mata farare da yawa suna ɗaukar taba hanyar hana ƙiba, tunanin da bai samu gindin zama sosai a tsakanin 'yan mata baƙaƙe ba.

Kafin a gamsu da tazarar baki ɗaya, sai a duba ma'aunin da aka auna ta da shi, domin yana da ramuka uku. Na farko, a makaranta ake raba takardar tambayoyin, don haka yaron da ya bar karatu ko ya yi fashi ranar ba ya ciki, kuma irinsu sun fi sha. Na biyu, yaro yana iya ɓoyewa. Ana gane hakan ta gwada yawu ko fitsari a nemi wani sinadari mai suna kotinin, wanda hanta ke mayar da nikotin, wato sinadarin taba mai sa kamuwa, zuwa gare shi. Nikotin yana raguwa da rabi a jini cikin kimanin awa 2, kotinin kuwa sai ya ɗauki wajen awa 16, shi ya sa gwajin ke kama wanda ya sha jiya ko shekaranjiya. Da aka yi irin wannan gwaji an ga yaran baƙaƙe sun ɗan fi ɓoyewa, amma ba ta yadda zai share tazarar ba. Rami na uku shi ya fi girma, wato kalmar da aka yi tambayar da ita. Idan ka ce wa yaro "kana shan sigari?" zai ce a'a da gaskiyarsa, alhali a aljihunsa akwai ƙaramar siga, wato tabar da aka naɗe da ganyen taba maimakon farar takarda, mai ruwan ƙasa, mai ƙamshin inabi ko ceri, irin su Black & Mild da Swisher Sweets. Shekaru da dama wannan ce tabar ƙonawa da ɗaliban sakandare baƙaƙe suka fi sha. Dokar tarayya ta hana sayar da sigari a kwalin da bai kai kara 20 ba, amma ba ta taɓa siga ba, don haka ana sayar da ita ɗaya-ɗaya, ko biyu a ƙasa da dala guda. Wasu kuma suna farke ta su zubar da tabar su cusa wiwi, su ce su ba taba suke sha ba, alhali ganyen naɗin ma taba ne. Da aka fara ambaton sunayen kayan a takardar tambaya, adadin masu amsa "e" ya tashi.

To, ina jinkirin ke ƙarewa? Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya ce kusan 9 cikin 10 na manyan mashaya sun fara ne kafin su wuce shekara 18, kashi 99 cikin 100 kuma kafin su wuce 26. Kowa ya riƙe adadin farko, aka zuba kuɗin rigakafi a makarantun sakandare bisa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma 'yan shekarun nan da ke tsakanin 18 da 26, nan ne baƙaƙen fata da yawa suke faɗawa. Yaro ya bar gaban iyaye, ya kama aikin dare a sito ko kicin ɗin gidan abinci inda mai shan taba ne ke samun uzurin fita ya huta, ya fara riƙe kuɗin kansa, ga haya, ga neman aikin da ba ya samuwa. A daidai wannan lokaci kuma fararen da suka fara tun suna 14 ko 15 sun soma bari, musamman waɗanda suka shiga jami'a ko suka yi aure. Ɗaya layin yana sauka, ɗaya yana hawa, har su haɗu a wajajen shekara 30. Daga nan baƙaƙen sun fi daɗewa suna sha, duk da cewa sun fi yawan yunƙurin bari. Wannan farawa a makare ma yanzu ta zama ruwan dare ga kowane jinsi: wani bincike ya nuna cewa a cikin matasan da suka taɓa shan sigari, masu farawa tsakanin shekara 18 da 23 sun tashi daga kimanin kashi 21 cikin 100 a 2002 zuwa kimanin kashi 43 a 2018.

Abin da ya sa barin ke yi musu wuya, babban ɓangarensa mentol ne, sinadarin nan mai sanyi da ake samu a na'a-na'a, wanda ke cikin man zafi da alewar tari. Kimanin kashi 85 cikin 100 na baƙaƙe masu shan sigari mai mentol suke sha, farare kuwa wajen kashi 30. Aikinsa a baki da maƙogwaro shi ne ya taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi, ya kuma ɗan kashe zafin hayaƙi. Mai koyon taba, abin da ke korarsa a karon farko shi ne ƙuna da tari da jiri. Mentol yana rage ƙunar da tarin, sai kara na biyu da na uku su zo da sauƙi. Ga wanda ya saba kuma, yana ba shi damar zuƙa mai zurfi ba tare da ƙirji ya yi gardama ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi nazari ta ce mentol yana sauƙaƙa farawa, yana ƙara kamuwa, yana kuma wahalar da bari.

Wannan kashi 85 ba daga sama ya faɗo ba. A shekarun 1950 baƙaƙe masu shan mai mentol ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Kamfanoni ne suka gina kasuwar da gangan, kuma takardunsu na cikin gida da shari'o'in shekarun 1990 suka tono sun nuna hakan. Sigari masu mentol irin su Kool da Salem da Newport sun cika mujallun baƙaƙe irin su Ebony da talla, an riƙa shiga unguwanni da motoci ana raba kwali kyauta, an ɗauki nauyin bukukuwan kiɗa. A 1990 kamfanin R.J. Reynolds ya shirya gwada wata sigari mai suna Uptown a Filadelfiya, wadda aka ƙera don baƙaƙe, sai da mutanen gari suka tashi tsaye, sakataren lafiya na lokacin Louis Sullivan ya fito ya yi tir da ita, sannan aka janye. Yarjejeniyar 1998 tsakanin manyan kamfanonin da jihohi 46 ta hana manyan allunan talla da zanen barkwanci mai jan yara, sai tallar ta koma cikin kanti, a jikin ƙofa da bayan mai karɓar kuɗi. Wani bincike a kantunan da ke kewaye da makarantun sakandare na Kalifoniya ya gano cewa duk inda ɗalibai baƙaƙe suka fi yawa, tallar mai mentol ta fi yawa, kwalin Newport kuma ya fi araha. Saurayin da iyayensa suka tsare shi har ya kai 18, wannan kantin ne yake jiransa a bakin layi.

Akwai ɓangaren jiki, kuma ba za mu ɓoye shi ba, amma a faɗe shi daidai gwargwadonsa. Wani bincike na 1998 ya auna ya ga baƙaƙe mashaya suna shigar da nikotin kimanin kashi 30 cikin 100 fiye da farare daga kowane kara. Wani babban bincike da aka buga a 2006, wanda ya bi mutum sama da 180,000 a Hawai da Kalifoniya, ya nuna cewa a cikin masu shan kara 10 ko ƙasa da haka a rana, haɗarin sankarar huhu ga farar fata bai kai rabin na baƙar fata ba. Sai an haura kara 30 a rana bambancin ke ɓacewa. Saurin da hanta ke sarrafa nikotin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma gado yana da hannu a ciki. Amma yadda ake zuƙa, da irin tabar, da hayaƙin da mutum ke shaƙa a wurin aiki da gidan haya, da lokacin da yake samun ganin likita, duk suna cikin lissafin. Abin da ya tabbata shi ne ƙirga karare ba ya faɗin yawan gubar da ta shiga jiki.

A nan ne kuskuren ma'auni ya zama asarar rai. Likitocin Amurka suna yanke wa za a yi wa hoton huhu na shekara-shekara, don kama sankara tun tana ƙarama, da wani lissafi: kwali nawa a rana, sau shekara nawa. Kwali kara 20 ne. A ɗauki mutum biyu, kowanne ɗan shekara 55. Na farko ya fara yana 15, kwali guda a rana, shekara 40, lissafinsa 40. Na biyu ya fara yana 22, kara 10 a rana, wato rabin kwali, shekara 33, lissafinsa 16 da rabi. Ƙa'idar 2013 ta ce sai ɗan shekara 55 zuwa 80 wanda lissafinsa ya kai 30. Na farko ya shiga, na biyu an bar shi a waje, alhali mun ga haɗarinsa ba ƙarami ba ne. Da aka waiwayi waɗanda sankarar huhu ta riga ta kama a jihohin kudancin ƙasar, an ga kashi 56 cikin 100 na fararen sun cika wannan sharaɗi, baƙaƙen kuwa kashi 32 kawai. A 2021 aka sauko da shekarun zuwa 50, lissafin zuwa 20. Gyara ne mai kyau, amma mutuminmu na biyu har yanzu bai shiga ba. Shi ya sa muke tare da masu cewa a duba yawan shekarun da mutum ya yi yana sha, ko da karare kaɗan ne.

Kuskuren nan yana bin mutum har ɗakin da ake taimaka masa ya bari. Ma'aikacin lafiya ya ji "kara bakwai kawai nake sha" sai ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya sallame shi da nasiha. Tambayar da ta fi auna kamuwa ita ce, bayan ka farka da safe, minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko? Wanda ke kunnawa cikin minti 30 ya kamu sosai, ko kara biyar yake sha. Cingam ɗin nikotin, wanda ake taunawa don taimaka wa mai son bari, da wannan ake zaɓar ƙarfinsa: mai miligiram 4 ga wanda ke kunnawa cikin minti 30, mai 2 ga wanda ke wuce haka. Ba a taunarsa kamar cingam ɗin kanti. Ana ɗan tauna har a ji yaji-yaji, a ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya lafa a sake taunawa, har kimanin rabin awa. Wanda ya yi ta tauna yana haɗiye yawu, shaƙuwa da tashin zuciya zai samu, ya ce magani bai karɓe shi ba. Kofi ko lemon kwalba a cikin minti 15 kafin a sa shi yana hana nikotin ɗin ratsa fatar baki. Filastar nikotin da ake mannawa a fata kuwa da yawan karare ake zaɓarta: mai shan fiye da 10 ya fara da miligiram 21 na mako 6, sannan 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2. Mai shan 10 ko ƙasa ya fara da 14. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai aiki. Akwai kuma ƙwayar varenicline, wadda likita ke rubutawa. An gwada ta a kan baƙaƙe mashaya 500, da yawansu masu shan kaɗan, aka buga sakamakon a 2022: bayan wata shida kimanin kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka sha ta sun bari, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuma ƙasa da kashi 7. Wanda bai kai 18 ba, da mai juna biyu, kada su fara ko ɗaya cikin waɗannan sai da likita.

Ta fuskar doka, dokar 2009 da Shugaba Obama ya sa wa hannu ta hana sigari mai ɗanɗanon alewa da 'ya'yan itace, amma ta tsame mentol, wato ta cire abin da ke jan wasu yaran ta bar wanda ke jan baƙaƙe. Kanada ta hana mentol a 2017, Tarayyar Turai a 2020. A Amurka an gabatar da shirin hanawa a Afrilun 2022, aka yi ta jan ƙafa, aka janye shi a Janairun 2025. Jihohin Massachusetts da Kalifoniya ne suka hana a nasu yankin. Masu adawa da hanin sun kawo fargabar cewa 'yan sanda za su samu sabon dalilin tsare baƙaƙe, suna tuna Eric Garner, wani baƙar fata da ya mutu a hannun 'yan sandan New York a 2014 bisa zargin sayar da sigari kara-kara. Fargabar tana da tushe, amma shirin kamfani da dillali da mai kanti ya nufa, bai haramta wa mutum riƙe taba ko shanta ba, kuma muna ganin janye shi kuskure ne babba. Abin da ya taɓa masu farawa a makare kai tsaye shi ne dokar Disambar 2019 da ta ɗaga shekarun sayen taba daga 18 zuwa 21 a faɗin ƙasar.

Ya Edita, abu biyu ne daga wannan suka shafe mu a nan gida. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara, amma a kowace tasha mai tebur yana buɗe kwali ya miƙa kara ɗaya, kuma kara ɗayan nan shi ne abin da aljihun mai koyo ke iya saya. Na biyu, babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ke jagoranta kan taba a tsakanin yara 'yan shekara 13 zuwa 15 yake tambaya, kuma a cikin aji. A yankin da yara masu yawa ba sa aji, wannan ma'auni ba ya ganin yaron mota da ɗan garuwa da almajiri, ba ya kuma ganin ɗan shekara 20 da ya fara a ɗakin kwanan ɗalibai ko a wurin shan shisha. Muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da sassan lafiyar al'umma na jami'o'inmu, duk lokacin da za su ƙirga, su fita zuwa tasha da gareji da kasuwa, su kai shekarun tambayar har 25, su ambaci sigari da shisha da tabar gargajiya da ta lantarki kowacce da sunan da ake kiranta a wurin, su kuma rubuta shekarar da mutum ya fara ɗanɗanawa daban da shekarar da ya koma sha kullum.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar al'umma